Maigidanmu na Faransa

Shekaranjiya da la'asar na tsaya wurin mai kayan marmari a hanyar Jos zan sayi kankana, sai na tarar yana juye wani kwalin inabi da ya kwana biyu ya fara lalacewa. Warin nan mai zaƙi da ɗan tsami ya daki hancina, na tsaya da jaka a hannu na manta abin da ya kawo ni. Mai kayan ya ce, “Anti, lafiya?” Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara gaya masa cewa kwalinsa ya kwashe ni ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Faransa, ya ajiye ni a bayan kakana, ina 'yar shekara goma sha biyu?

Na san za ka ce me ya kai jikar manomi daga Lafia har Faransa. Ni ma a lokacin tambayar da nake yi wa kaina ke nan. A hannun kakana na wajen uwa na tashi. Asalinsa mutumin Adogi ne, ya shigo Lafia tun yana saurayi, amma gonarsa ta doya da dawa da riɗi tana can ƙauye, hankalinsa ma yana can. Autansa, wato kawuna, shi ne ya tafi karatu Faransa, ya gama, ya sami aiki, ya zauna. Shekara tara ba mu ga ƙeyarsa ba, sai murya a waya. Da tsohon ya fara cewa wataƙila sai a lahira za su gana, sai kawu ya aiko da tikiti biyu. Kakata ta ce ko ɗaure ta za a yi ba za ta shiga abin da ba ya tsayawa a hanya ba. Aka duba gidan aka ga ni ce nake dogon hutu, ni ce mai karanta masa takardar magani, kuma an ji ana koya mana Faransanci a makaranta. Tsakani da Allah kalma huɗu na sani, biyu daga ciki gaisuwa ce. Amma tun daga ranar kakana ya raɗa mini suna Tafinta.

Sai ka san yadda muke da baƙi a gidanmu, in ba haka ba sauran labarin zai zo maka kamar hauka. Ɗakin zaurenmu ba ya rabuwa da mutum. Mata masu gishiri daga Awe, direban da motarsa ta lalace, ɗan ƙabilar Tibi da ya kawo matarsa asibiti, duk nan suke sauka. Kakana ba ya karɓar ko kwabo, amma akwai ƙa'ida. Da safe baƙo zai zo ya durƙusa ya gaida maigida. In ya zo da 'yar tsaraba ya miƙa. In maigida yana da aiki ya sa hannu. Shi kuma maigida, daga ranar baƙon nan yana wuyansa: in ciwo ne shi zai kai shi asibiti, in 'yan sanda ne shi zai je ya tsaya masa, in mutuwa ce shi zai aika wa danginsa. Wanda ya kwana a gidan mutum ya tashi bai gaishe shi ba, a wurin kakana ɓarawo ne da bai sami abin ɗauka ba. Shi ya sa da muka tashi tafiya ya ƙulle gishirin Awe a leda uku, da mudu biyu na riɗi, da sabuwar hula. Ya ce na maigidan kawu ne, mutumin da ya riƙe masa yaro shekara tara.

Kawu ya tarbe mu a filin jirgi, ya rame, ya yi fari, yana ta dariya yana share ido. Ya ce ɗakinsa na birni ɗaya ne, ba zai ɗauke mu ba, don haka ya kama mana gida a ƙauye na kwana goma, inda Baba zai ga gona ya ji daɗi. Muka yi ta tafiya a mota har na yi barci na farka. Da na buɗe ido sai na ga tuddai, kowane an jera masa wasu gajerun itatuwa layi-layi har iyakar gani, kamar kitson da aka yi wa ƙasa. Ƙauyen kuwa gidajen dutse ne, tagogi a rufe, titi fes. Ba akuya, ba yaro, ba mai talla, ba hayaƙin girki. Na tambayi kawu ko rasuwa aka yi. Agogonsa ya ce ƙarfe bakwai ta wuce, rana kuwa tana nan ba ta da niyyar faɗuwa, har kakana ya fara tunanin ko agogon ne ya sami matsala.

Muka tsaya a ƙofar wani gida mai bene. Kakana ya gyara babbar riga, ya yi sallama. Shiru. Ya sake, ya ƙara ta uku. Kawu dai ya sunkuya wurin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, ya danna lambobi, mabuɗi ya faɗo a hannunsa. Ya buɗe, na leƙa. An shimfiɗa gadaje, an naɗe tawul, ga burodi a kan tebur da wata doguwar kwalba da kati a jikinta. Kafin in kai ga tebur kawu ya sure kwalbar ya tura ta can ƙasan kabad. Da muka waiwayo, kakana bai shigo ba. Yana zaune a kan jakarsa a waje.

“Ina mai gidan?”

Kawu ya yi bayani. Ya ce a intanet ake nema, a biya, a turo maka lamba, ka shiga, ka gama ka mayar da mabuɗi. Kakana ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Na ji ka biya. Ina mai shi?” Aka sake daga farko. Ni kaina na rikice, don a ganina kowa yana da gaskiya, ga kuma sanyi ya fara kama ni. Mun kusa awa guda a haka. Can sai ga wani tsohon Bature ya fito daga ɗan ƙaramin gidan da ke tsallaken hanya, da hular hana-salla da kare a bayansa. Kawu ya dube shi, ya dubi ubansa, ya ɗaga yatsa ya ce, “Ga shi can, Baba. Ya gaji yau, sai da safe.” Kakana ya miƙe ya ɗaga wa mutumin hannu biyu, Baturen ya ɗaga ɗaya cikin mamaki, muka shiga. A kan matakala kawu ya riƙo hannuna ya ce a hankali, “Abeg, ki yi shiru. Kwana goma ne kawai.” Ranar ce aka fara ɗora mini kayan da suka fi ƙarfin wuyana, kuma na ji haushin kawu sosai.

Washegari, muna idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, kakana ya sa aka ɗauko tsaraba. Har yau in na tuna fuskar tsohon Baturen nan sai in yi dariya ni kaɗai. Ya buɗe ƙofa da singileti da kofi a hannu, ya tarar da dattijo cikin babbar riga ya durƙusa a gabansa, ga yarinya tana maimaita masa gaisuwa ɗaya sau huɗu. Kakana ya yi godiya mai tsawo, ya yi addu'a, ya tambayi iyali. Kawu ya fassara, Allah kaɗai ya san abin da ya faɗa, don maganar minti biyar ta koma numfashi ɗaya. Baturen ya buɗe leda, ya dangwali gishirin ya sa a harshe, ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Hular ma ya gwada ta a kan tasa. Kafin azahar sai ga shi da ƙwai da tumatir da wani cuku mai warin da ya kore ni daga kicin.

Shi ke nan, abu ya zama na kullum. Kowace safiya mu tsallaka. Daga rana ta uku ma ba sa neman tafinta. Kakana ya yi Hausarsa, wancan ya yi Faransancinsa, su dubi sama tare, su damƙi ƙasa su murza. Kakana ya ce bai taɓa ganin mutanen da suke noma tsakuwa ba sai nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabon da yake yi. Hausarsa ta Lafia ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinsa. Sai ya ce mini, “Tafinta, ka ga mutumin kirki? Ya bar mana babban gida, shi ya koma ƙarami.” In ya faɗi haka sai in tashi in ce zan je bayi.

A rana ta huɗu hadari ya fara haɗuwa daga yamma. Muka hango tsohon Baturen a gonarsa da mutum biyar kacal, suna yankan inabi da sauri suna zubawa a kwanduna. Kakana bai yi shawara da kowa ba. Ya tuɓe riga ya rataya, ya naɗe ƙafar wando, ya ce baƙo ba ya zama a inuwa maigida yana gona. Kawu ya bi shi yana “Baba, hutu ka zo,” amma ina. Tsohon Baturen ya yi ta kaɗa hannu alamar a'a, daga baya ya haƙura ya miƙa masa almakashi. Kafin rana ta karkata kakana ya wuce samari biyu a layi, yana tafe yana waƙar gayya ta garinsu. Ni aka ba ni ƙaramin kwando. Hannuna ya yi danƙo, zanzaro suna bin mu, na sha inabi har haƙorana suka mutu.

A rana ta uku da fara aikin, da muka zauna hutawa, kakana ya dubi tuddan nan ya yi tambayar da kowane manomi zai yi: duk wannan wa zai shanye? Kawu bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Matsewa suke yi, Baba, su yi lemo.” Ni kuwa na riga na leƙa ƙasan kabad na ga hoton inabi a jikin kwalbar nan, kuma na wuce ta bakin babbar rumfar da ake kai kwandunan na ji abin da hancina ya ji. Yarinyar da ta tashi a Lafia, tana wuce unguwar da ake dafa burkutu a hanyar makaranta, ba sai an gaya mata ba. Ƙarya ta zama biyu. Ga kakana, mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba, kwana uku cur yana tara wa masu giya kaya da bisimilla a bakinsa. Na rasa wanda zan ji tsoro, Allah ko kawu. In na yi magana na tona wa kawu asiri a ganin farko bayan shekara tara, wataƙila kuma na ƙarshe. In na yi shiru ina cikin masu yaudarar mutumin da ya goya ni.

Ashe ba sai na zaɓa ba. A rana ta takwas ruwa ya sauko, ba a fita gona ba, kakana ya ce lallai maigida ya zo ya ci abincinmu. Na tuƙa tuwon semo da miyar kuka da muka zo da ita. Tsohon ya zo, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya sai da aka buɗe masa. Zai shiga kicin ya buga goshi da katakon saman ƙofa, ƙum. Ya zauna yana kallon bango da hotuna kamar yadda na kalle su ranar farko. Bayan ya ci tuwon da cokali, ya yi wa kawu wata tambaya, kawu ya nuna masa hanyar bayi. Kakana yana kallon komai. Ya raka baƙonsa har bakin hanya, ya dawo ya aiki kawu sayen burodi, alhali akwai burodi.

“Tafinta, zo ka zauna.” Na zauna. “Mutum ya tsufa a gidansa bai san inda bayi yake ba?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba.” Ai sai na fashe da kuka, na kwashe komai na faɗa, har da wanda bai tambaya ba, har da kwalbar ƙasan kabad. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, wanda ruwan inabi ya rina bai gama fita ba. Na ɗauka yau kawu zai sha mari da gemunsa.

Kawu yana shigowa ya ga idona ya gane. Ya ajiye burodi ya durƙusa, ya fara ba da haƙuri a kan maganar giya. Kakana ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Bar wannan. Shekara nawa ina kai dawa kasuwa, na taɓa bin ta in ga tukunyar da ta shiga? Allah ya ga zuciyata, zan roƙe shi gafara. Gidan nan na wane ne?”

“Ban san shi ba, Baba. An ce yana wata ƙasa.”

“Ɗakinka na birni fa? Wane ne maigidanka?”

“Na kamfani ne.”

“Maƙwabcinka?”

“Muna ɗaga wa juna hannu.”

“In ka kwanta ciwo, wa zai buga ƙofa?”

Da kawu ya bar maganar a nan da ya fi, amma na ga kamar ya gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce shekara biyu da suka wuce zazzaɓi ya kayar da shi, ya yi kwana shida a ɗaki, ruwan famfo kawai yake rarrafawa ya sha, kuma ba wanda ya sani sai da ya warke ya koma aiki. Ya ce lokacin ne muka yi ta kira ba ya ɗauka, daga baya ya ce mana wayarsa ce ta faɗa ruwa. Na dubi kakana ina jiran faɗa. Babu faɗa. Na taɓa ganinsa cikin fushi, na gan shi a makoki, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya tashi ya shiga ɗaki, bai ci abincin yamma ba. Ni kuwa na ƙara rikicewa, don ƙaryar da na kwana takwas ina ɗauke da ita ko waiwayarta bai yi ba.

Ranar da za mu tafi kakana ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya kama kawu a tsintsiyar hannu, ƙaton mutum mai shekara talatin da wani abu, ya ja shi muka tsallaka hanya. Ya ce masa ya fassara kalma bayan kalma, ya ce mini in sa ido, in ya rage wani abu in faɗa. Ni mai kalma huɗu! Na dai gyara tsayuwa na haɗe rai.

Ya ce wa tsohon, “Na san yanzu gidan can ba naka ba ne. Amma na ci abincinka, ka ci nawa, mun yi gona ɗaya. Wannan autana ne. Na zo na ga ba shi da kowa a ƙasar nan. Na ba ka shi amana. In ya yi ba daidai ba ka tsawata masa. In ka ji shi shiru ka neme shi. In Allah ya karɓi abinsa, ka nemo Musulmi su binne shi, ka aika mana.” Kawu yana fassarawa, wurin maganar binnewa sai da ya tsaya sau biyu. Tsohon ya cire hularsa. Ya yi magana mai tsawo, idonsa ya yi ja, sannan ya ɗora hannu a ƙeyar kawu. Kakana ya ce me ya ce. Kawu ya share fuska ya ce, “Ya ce to.”

A jirgi na yi ta tunanin aikin banza aka yi. Ta yaya za ka ba da amana ga mutumin da bai san ma'anarta ba, wanda gidansa da na kawu tafiyar awa uku ce, wanda kuma yatsan mai ƙarya ne ya zaɓo shi? Bayan shekara huɗu kakana ya rasu a farkon damina, aka kai shi kafin la'asar. Kawu bai sami zuwa ba. Sai daga baya ya gaya mini a waya cewa da labarin ya same shi ya zauna a ɗakinsa ya rasa inda mutum yake zaman makoki a garin. Sai ya shiga mota ya nufi ƙauyen. Tsohon ya tambaye shi yadda muke yi in uba ya rasu, ya gaya masa. Sai tsohon ya fito da kujera biyu ya ajiye a ƙofar gida, ya bi maƙwabta gida-gida. Kwana uku suna zaune, mutanen ƙauyen suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su ba kawu hannu, su ɗan tsaya, su wuce.

Yau a Lafia ma ana kama gida ta waya, ka shiga ka fita ba ka ga mai shi ba. Ni kaina a gidan haya nake, kuma in ka tsare ni ba zan iya gaya maka sunan matar da ke saman benenmu ba. Watan jiya wani mutum ya buga get ɗinmu, ya ce ya kawo mara lafiya asibiti, yana neman inda zai ɗan kwanta. Na kwatanta masa wani masauki mai araha na rufe ƙofa. Duk wanda na ba labari ya ce daidai na yi, zamani ya lalace, kuma na yarda da su. Amma ban sani ba.

Tsohon Baturen yana nan da rai, ya kusa casa'in, an kai shi gidan kula da tsofaffi, ba ya gane mutane sosai. 'Ya'yansa suna nesa. Kawu ne yake tuƙa awa uku duk bayan mako biyu, ya yanke masa farce, ya zauna da shi har a ce lokaci ya yi. Kwanakin baya ya ce mini ma'aikatan sun ba shi takarda ya cike, akwai wurin da aka ce ya rubuta dangantakarsa da mara lafiya. Na ce to me ka rubuta? Ya ce ya daɗe riƙe da biro, ma'aikaciyar tana jiransa, daga ƙarshe ya rubuta cewa shi baƙonsa ne.